Ɗan Goyo Ya Tafi Bai Kwance Jan Ƙyallen Ba

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina kan keken ɗinki sai mai facin layinmu ya zo ya tsaya a bakin shagona, ko sallama bai yi ba. Ina ganin fuskarsa na sauke ƙafa daga keke. Ya ce, "Tela, Baba ya cika." Ciwon ƙirji ne ya taso maka bayan sallar asuba, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Bakina bai gama salati ba, Baba, zuciyata ta tafi kan babur ɗina da ke jingine a garejinka da jan ƙyalle a bayansa. Allah ya yafe mini, amma na san kai ba za ka ga laifina ba.

Mu muna ce maka Baba, sa'o'inka kuwa Ɗan Goyo suke ce maka, kana amsawa da dariya, da furfurarka da komai. Sunan ya samo asali ne daga yadda kake aiki. Duk bakaniken da na sani, in ya gama gyara, shi ke hawa ya zaga ya dawo ya miƙa makulli. Kai ba ka yin haka. Mai babur za ka ce ya tuƙa, kai kuma ka hau baya, ka dafa gwiwoyinka, ka rufe ido, a bi da kai ta gargadar bayan kasuwa da kwanar da ke gangaren makaranta. Kana cewa mai tuƙi yana riƙe da kan babur, birki na ƙarƙashin ƙafarsa, idan baya ya yi rawa jikinsa ne ke gyarawa ba tare da ya sani ba. Wanda aka goya kuwa ba shi da komai a hannu, shi ne ke jin gaskiyar abin.

In ka sauko ranka bai kwanta ba, sai ka ɗaura jan ƙyalle a kariyar baya, ƙarfen da ake ɗora kaya. Ma'anarsa kowa ya sani: mai babur ya lallaɓa shi kaɗai in ya ga dama, amma kada a goya kowa. Kuma ba mai kwancewa sai kai. Ni ne mai ba ka ƙyallayen. Duk guntun jan yadin da ya rage mini a shago sai in tara maka, ka zo ka kwasa kana yi mini tsiya wai almakashina ba ya yanka daidai. Akwai wani mai kai kaya da ya sa reza ya yanke nasa tun kafin ya bar layin. Ba ka yi masa faɗa ba. Ka wanke hannu, ka taka har gidansa, ka yi sallama da matarsa daga ƙofa, ka ce kada ita ko 'ya'yanta su hau wannan babur. Washegari da kansa ya turo shi gareji, yana ta ƙunƙuni.

Nawa babur ɗin na hannu na saya, tsoho ne tun ran da ya shigo gidanmu. Don Inna na zaɓe shi, saboda gajere ne. Mahaifiyata na fama da gyambon ciwon suga a ƙafar hagu, dole a riƙa kai ta asibiti ana wankewa ana dubawa. Lungunmu mota ba ta shiga, ita kuma ba ta iya takawa zuwa titi, ba ta iya ɗaga ƙafar ta hau dogon babur. Kai ka lura da yadda ƙafar ke lilo in na ɗauko ta. Ba wanda ya roƙe ka, ka sa mai walda ya yi mata faffaɗan matakin da take ɗora ta a kai. Tun daga ranar, ba ta idar da salla ba ta sa ka a addu'a ba.

Da daminar bana ta kama na fara jin baƙon abu. In na sha kwana sai gindin babur ya yi kamar zai bi wata hanya dabam, kamar tayar ta yi sako-sako, alhali a cike take. Ni kaɗai abin kaɗan ne, har ina ce wa kaina santsin hanya ne. Da na gaya maka sai ka hau baya muka zaga. Muna dawowa ka nufi buhun ƙyallaye. Na ce, "Haba Baba, Inna fa?" Ka ce, "Don ita nake ɗaurawa."

Na zauna na ga yadda ka bi abin daki-daki. Ka fara da iska, ka nuna mini yadda tsakiyar tayar ta cinye ta yi fale-fale, aka sauya. Ka ɗaga babur a kan jaki, ka kama tayar da hannu biyu kana girgiza ta hagu da dama, ka ce boris ya mutu, ka zuba sabo. Ka bi sifokun, siraran ƙarafan cikin tayar, ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasa su da sifana, kunnenka a kusa, duk wanda ya yi bebiyar ƙara ka ɗaure shi. Ka aiko aka karɓi zare a shagona, ka ja shi daga tayar gaba zuwa ta baya, ka gano ta bayan ta karkace wajen ɗaurin sarƙa, ka daidaita. Shokazoba ɗaya na tsiyayar mai, ka cire duka biyun, ka ce ba a yi wa babur ƙafa ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa. Duk gyaran da ka yi sai mu zaga, duk zagayen da muka yi sai ka sauko kana girgiza kai. Wallahi har haushinka na ji, don ni a gaba ba na jin komai kuma.

Ana cikin haka ranar asibitin Inna ta zo ta wuce. Na aro babur ɗin mai faci, ya yi mata tsawo, muka yi ta fama a ƙofar gida har ta yi gumi ta ce a bari. Ƙafar ta fara kumburi, ɗakin ya fara wani wari da ba na son ambata. Likita ya taɓa gaya mini abin da ake yi wa ƙafa in gyambo ya ci ya kai ƙashi, kuma maganar ba ta bar kaina ba. Ranar Litinin, jajibirin rasuwarka, ka sauya robobin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Magariba ta yi ba mu zaga ba. Ka goge hannu ka ce, "Gobe da safe mu gwada. In bai daina ba, saura wuri ɗaya da ban leƙa ba." Ban tambaye ka wane wuri ba ne, ai ina ganin gobe na nan.

Bayan an kai ka makwanci na rasa inda zan sa kaina. Wasu suka ce in kwance ƙyallen kawai, ai ka gama gyara, gwaji ne ya rage. Na kai hannu kan ƙullin nan ya fi a ƙirga, sai in janye. In na kwance na goya ta muka zube a kwanar makaranta, me zan ce? In na bari kuma ƙafar ta lalace, me zan ce? Abinci ya daina shiga, na ɓata wa mutane ɗinki, na yi wa wata riga hannu biyu na dama.

Daga ƙarshe na ba mai faci makulli na ce ya tuƙa. Tun da na sayi babur ɗin nan ban taɓa zama a bayansa ba sai ranar. Na dafa gwiwoyina, na rufe ido, yadda na ga kana yi. A gargada ban ji komai ba. Muna shiga kwanar makaranta kuwa, kujerar ta sulale ƙarƙashina zuwa gefe ta dawo, kaɗan ne, amma na ji shi sarai. Ban san lokacin da na damƙi rigar mai faci ba. Shi kuwa da muka tsaya cewa ya yi, "Ai lafiya lau yake."

Muka cire kujera da murfin gefe, mai walda ya kankare baƙin mai da tsohon fenti. A gindin ƙarfen da shokazobar hagu ke maƙale, can inda ido ba ya kaiwa, ga wata siririyar tsaga kamar zaren ɗinki. Babu kowa a kai a rufe take, da na hau na danna sai ta buɗe baki. Mai walda ya ɗauko kayan aikinsa. Ya gyara, ya ƙara wani ƙarfe ya tallafe wurin, muka sake zagayawa ina baya. Ban ji komai ba. Na sa aka sake, ban ji ba. Amma bayana ba naka ba ne, Baba, kuma wannan ne ke hana ni sukuni.

Da na ba Inna labari ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Ai tun bara nake jin yana yin haka." Na ce, "Inna, shi ne ba ki faɗa ba?" Ta ce, "In faɗa ka yi yaya? Kai ma ba wani gare ka ba. Shi ya sa nake kama rigarka a wajen makarantar nan." Ni da nake zaton sabo ne kawai irin na tsofaffi. Ashe abin da ka ji a zagaye ɗaya, ita ta shekara tana ji tana shiru. Na juya baya don kada ta ga idona.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka jiƙan sa, ka yafe masa kura-kuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Yadda ya tsaya wa waɗanda ake goyo, waɗanda ba su da abin riƙewa, ka tsaya masa ranar da ba mai tsayawa sai kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙaninsa da ya rage shi kaɗai, da mai faci da mai walda da suka yi zaman inuwa ɗaya da shi tun kafin in san layin. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Gobe ne za a sake ganin likita, kuma ba za mu sake fashi ba. Ɗazu na turo babur ƙofar gida, na durƙusa zan kwance ƙyallen, Inna ta hango ni daga tabarma. Ta ce, "Bar shi. Wanda ya ɗaura ne ke kwancewa, kuma ya tafi. Ni zan riƙe shi gobe, ka ga na sakar maka riga."

Na bar shi, Baba. Duk wanda ya karanta wannan ya yi maka addu'a, ya ƙara da mu, Allah ya fitar da mu kwanar makaranta lafiya.