Nonon da Babu Saniya

Shekarar da fari ya cinye shanun ƙasar Adar, sojoji suka riƙa raba madarar gari a Tawa, buhu-buhu. Muka dama muka sha, cikinmu ya ɓaci. Ɗiyata mai shekara uku ta fi kowa wahala, zawo har idanunta suka faɗa. Unguwa ta ɗauka cewa an zuba wa madarar maganin hana haihuwa. Ni ma na yarda da rabin maganar.

Ana cikin haka wata Bafillatana 'yar asalin wajen Barmu ta fara shigowa da ƙwaryar nono kowace safiya. Kowa ya san garkensu ya ƙare, mijinta ma gadi yake yi a kasuwa. Inna, uwar mijina, ta ɗanɗana, ta dube ta.

"Wace saniya ce ta rage muku?"

"Allah bai hana ba, Inna," ta ce, ta kau da kai.

Inna ta hana a saya. Ranar da yarinyar ta ƙi ko kunu, na sayi ludayi biyu a ɓoye na ba ta. Kwana uku ina yin haka, zawon ya tsaya. Maimakon in yi murna sai tsoro ya kama ni: me Bafillatanar ta zuba a ciki?

Na bi ta har bukkarta a bayan tasha. Abin da na fara gani shi ne buhun madarar nan. Ba ta yi musu ba. Ta nuna mini yadda take tafasa ruwa, ta dama, ta bari ya huce, sannan ta zuba ɗan nonon jiya ta rufe da faifai. Irin nonon, in ji ta, tun na saniyarta ta ƙarshe ne, ba ta bari ya yanke ba.

"Don Allah, 'yar'uwa, ki rufa mini asiri. In suka ji, ba mai saye."

Majo kaɗai na tambaya, wato ma'aikacin jinya na gidan likitar unguwarmu. Ya ce tafasa ruwan ya taimaka, kuma a cikin nono mai tsami akwai ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani, suna rage abin da ke ɓata ciki a madara, suna ƙarfafa 'yan'uwansu na kirki da ke hanjin mutum.

Daga baya na gaya wa Inna. Ta ce ita ba a taɓa ce mata tana kiwon dabbobi a cikinta ba, kuma majo da Bafillatanar bakinsu ɗaya. Ta bar jikarta tana shan nonon, amma ita ba ta kai shi bakinta ba har damina ta sauka.