Littafin da Muka Aje Ajiyar Iri

Na shiga ajin karatun manya da furfura a gemuna. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Dogarawa, ba nisa da titin da motocin siminti ke bi in sun taso daga Malbaza. Da rani muke karatu, daga sa'ad da hatsi ya shiga rumbu har zuwa ruwan shuka. Malaminmu ɗan garinmu ne da ya yi lakwal, wato makarantar boko. Yawancinmu mun girme shi, amma duk Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ni ba mai saurin kamawa ba ne. Abin da wasu suka riƙe a rani ɗaya, ni sai da na maimaita shi, kuma ban damu ba tunda na ga gaba nake yi.

Da fari wani furoje ne, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, ke kawo mana littattafai daga nesa. Masu sheƙi ne, ga hotuna, kuma kowace shekara sai a sauke sababbi. Tsofaffin ba mai tambayarsu. Na sha sayen ƙosai a kasuwa a ƙunsa mini shi cikin shafin da na yi gumi kafin in karanta. Wata rana Mushe ya gaya mana cewa da itace ake yin takarda. Sai da ya sake faɗa na yarda. Ni da nake kewaye ɗan tsiron gawo da ƙaya a gonata don kada awaki su cinye shi, ashe a wata ƙasa manyan itatuwa ake kayarwa, a ƙarshe su zama ƙunshin ƙosai.

Daga baya furojen ya ƙare, motarsu ta daina zuwa. Mushe ya tara mu a zauren da muke karatu ya ce, "Allo da alli kaɗai ba za su riƙe ku ba. In mutum ba shi da abin da zai karanta a gida, ajin nan watsewa zai yi, ni ma in tafi Malbaza neman aiki."

Gaskiya ya faɗa. Wasu har sun fara zancen tafiya cin rani Najeriya. Ni kuwa a lokacin ne haruffa suka fara haɗuwa a idona suna zama magana, kuma na san in aka tsaya a nan, abin zai zube mini gaba ɗaya.

Mushe ya san wani Alhaji a Konni mai injin buga katin biki da kalanda. Muka je ni da shi, don ni ne aka ɗora wa kula da zauren. Kafin mu shiga shagon na hango hayaƙi a bayansa. Tulin takarda ne ake ƙonawa, fara tas, dogaye sirara. Alhaji ya ce gefen da wuƙa ke yankewa ne in an daidaita kalanda.

Na ce, "Alhaji, wannan duka wuta za ta ci?"

Ya ce, "Shara ce, Malam."

Na ce, "Sharar taka ta fi rigata ta Salla fari."

Ya yi dariya, ya ɗauki guda ya auna da tafin hannunsa. Can ya ce in mun yarda da littafi ƙarami, wanda zai shiga aljihu, zai iya buga mana a kan guntayen nan. Mu mu ɗauki nauyin tawada, mu nemo bango, mu haɗa abinmu da kanmu.

Abin da aka buga a ciki daga bakinmu ya fito. Kowa ya faɗi abin da ya sani, Mushe ya rubuta. Wani Bafillace da ke ajinmu ya yi bayanin yadda ake gane saniya mai ciwo tun daga tafiyarta. Ni na faɗi yadda ake zaɓen tsiron da za a bari a gona lokacin sassabe, da yadda ake rage masa rassa don ya miƙe. Taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ya barina in huta da tsiya, ya ba da labarin ranar da jakinsa ya tsallaka iyaka ya bar shi da duwan, wato ma'aikatan kwastan.

Bango kuwa buhun siminti muka samu, irin na takarda, wurin magina. In ka farke shi za ka ga falle-falle ne, na tsakiya bai taɓa siminti ba, bai taɓa ƙasa ba. Shi muka riƙa cirewa, mu manna biyu su yi kauri. Da za mu yi mannin, sai muka yi abin da muka saba: aka dama garin rogo ya yi kauri kamar kunu, muka shafa. Gayya muka yi a zaure. Taubashina yana shafawa yana lasar yatsa.

Na ce, "Kai, littafi aka dama wa, ba kai ba."

Ya ce, "Ina ɗanɗana wa shafinka gishiri ne, don maganarka lami ce."

Ranin nan mun yi karatu da daɗi. Mutum ya ga maganarsa a rubuce, a cikin abin da ya haɗa da hannunsa, ai dole ya so karantawa. Da hadari ya fara haɗuwa sai muka karɓe littattafan duka, don mun yi shawara na aji ne, baɗi ma su za a karanta, sababbin shiga su samu. Muka jera su cikin kwali, muka tura kusurwar zaure, a ƙasa, muka rufe ƙofa, kowa ya kama gonarsa.

Bayan girbi ni na buɗe zauren. Na kama kwalin zan ɗaga, sai samansa ya biyo hannuna, gindin ya tsaya a ƙasa. Gara ce ta gina gidanta a ciki. Inda muka fi shafa rogo nan ta fi ci, abin da ta rage kuma ɓeraye sun ƙarasa. Na tsuguna ina tona ƙasar da yatsa, sai in ciro guntu mai harafi biyu ko uku. Ko taubashina da ya shigo tsugunawa ya yi yana taya ni tono.

Sa'ar da muka yi, Mushe yana da guda a jakarsa. Da shi muka koma Konni. Alhaji ya saurare mu, ya tambayi abin da muka yi manni da shi, da ya ji sai ya dafe kai.

Ya ce, "Wato kun shafa wa littafi tuwo, kun aje wa gara a ƙasa, kun rufe mata ƙofa don kada a dame ta."

Ya yi ta dariya. Sa'an nan ya daina dariya ya ce, "Guntayen takarda ba su ƙarewa a nan, amma lokacin injina yana da masu shi. Zan sake buga maku sau ɗaya. In gara ta ƙara ci, kada ku dawo, in ci gaba da ƙona abina."

Wannan karon ba mu dama kome ba. Badukun garinmu ya nuna mana yadda ake huda da basilla a ɗinke da zare mai ƙarfi, bango da ciki gaba ɗaya. Karatu ya fara a makare, amma ya fara. Sai dai duk ranin nan hankalina yana kan damina. Takarda ko ba rogo gara na cin ta. In aka rataye a rufin zaure, yana yoyo. In aka bar wa kowa nasa ya kai gida, wani ɗakinsa na zuba, wani ƴaƴansa za su yage, mun kuma san wanda zai kunna wuta da shi.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida ina wannan tunani, uwargidana tana tankaɗe toka a gefe, za ta gyara ajiyar waken iri. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka yi jugum kamar an ce jakinka ya ɓata."

Na gaya mata. Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce, "Littafin nan naku, ba don baɗi kuke aje shi ba?"

Na ce don baɗi ne.

Ta ce, "To ai iri ne. Ni tun da na zo gidan nan ka taɓa ganin ƙwaro ya cinye mini iri? Ku maza in abu ya zo da rubutu sai ku manta abin da kuka sani."

Na kai maganar aji. Aka yi dariya, amma ba wanda ya kawo wata dabara da ta fi ta. Mushe ya ƙara da cewa a fara naɗe littattafan kafin su taɓa toka, don kada rubutu ya dushe. Bafillacen nan ya ba da aron tanon ƙarfe, wato duro mai murfi, da yake zuba dusa a ciki.

Yadda ake yi wa wake haka muka yi masu. Muka shanya su a rana a kan tabarma har suka bushe ƙarau, muna juya su. Muka naɗe su kashi-kashi cikin fallen buhun siminti. A gindin tano muka zuba toka tankaɗaɗɗiya, sai busasshen ganyen dogon yaro, sai littattafai, sai ganye, sai toka, har ya cika. Muka rufe, uwargidana da kanta ta liƙe bakin murfin da laka. Aka ɗora tanon a kan duwatsu a cikin ɗakina, nesa da bango.

Ta ce mini, "Kada ka buɗe sai ranar da za a yi amfani da shi. In iska ta shiga, aikin banza aka yi."

Daminar nan an yi ruwa sosai. Bangon zauren karatunmu ma sai da gefe ɗaya ya zube. Ni kuwa kullum in na dawo gona sai na duƙa na leƙa ƙarƙashin tanon ko gara ta fara hawa duwatsun. Abin da ba na iya gani shi ne ciki. Na riƙa tunanin ko laima ta shige, ko ba mu shanya su sosai ba sun yi fumfuna. Sau da yawa hannuna ya kai kan lakar nan in janye.

Taubashina kuwa ya samu abin yi. In mun gamu a hanyar gona sai ya ce, "Mai gadin tano, ina kwana? Jiya na wuce ta bayan ɗakinka na ji gara na haɗa baƙi. Ta kai shafinka, ta ce a sake mata, ba ta gane ba."

In ce masa, "Ta fi ka ƙoƙari ke nan, kai har yanzu ba ka kai shafin ba."

Da aka gama girbi, muka gyara bangon zaure, aka sa ranar buɗe aji. Mushe ya ce mini a asirce an yi masa maganar aiki a Malbaza, ya ce su dakata sai ya ga abin da ke cikin tano. Muka mirgino shi har ƙofar zaure. Mutane suka taru, har matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya da tuluna a ka. Na fasa lakar da dutse, na ɗaga murfi. Na sa hannu cikin toka har gwiwar hannu, na jawo ƙunshi na fari, na kakkaɓe, na warware.

Suna nan yadda muka sa su. Ba huda, ba laima, zare bai saki ba. Na buɗe guda na karanta layin farko da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ba. Muka ci gaba da fiddawa har gindin tano, ko ɗaya bai lalace ba. Mushe bai yi dogon zance ba, ya ce kowa ya ɗauki nasa a shiga ciki, rana na yi.

Muna zaune, taubashina ya lashi yatsa zai juya shafi, ya sake lasa, sai ya ɓata fuska ya tofar. Ɗacin dogon yaro ya kama takardar.

Ya ce, "Wannan karatu naku ɗaci gare shi!"

Bafillacen ya ce, "Abin da gara ta faɗa ke nan."

Mako na zagayowa na kai wa Alhaji guda ɗaya Konni. Ya jujjuya shi, ya ja zaren ya ji ƙarfinsa, ya shinshina. Ya kira ma'aikatansa ya ce daga yau kada a ƙara sa wa guntayen takarda wuta, a riƙa ɗaure su ana ajewa.

Tun daga nan haka muke yi. Ranar da aka rufe aji, ita ce ranar shanya da liƙe tano. Wanda bangonsa ya gaji mu sake masa, wanda zarensa ya tsinke mu ɗinke. Littafin da ke hannuna yanzu mutum uku sun karanta shi kafin ya dawo gare ni, na gane shi da ɗinkina. Bara aka buga mana littafi na biyu, mata suka buɗe ajinsu da shi. Bana kuma wasu mutane daga wajen Illela suka zo a kan babur suna tambaya a nuna masu yadda ake yi. Na shimfiɗa masu tabarma, na aika gida a kira uwargida, na ce ta taho da rariyarta.