Zaren da Aka Datse

Lorna Pruitt tana aiki a kamfanin yankan kaji da ke bakin garinsu a jihar Arkansas ta Amurka. Aikinta cire ƙashi daga ƙirjin kaza, a tsaye, cikin sanyi, har yatsu su daina jin almakashi. 'Ya'yanta huɗu. Ba ta da yawan magana. Takan ce surutu bai taɓa cire ƙashi ko ɗaya ba.

Mijinta Wendell kuwa baki gare shi kamar zuma. A coci shi ke riƙe mata jaka, yana kiranta sarauniya. A gida shi ya juye ƙwayoyinta na tazarar haihuwa a masai. Bayan haihuwa ta uku ta je a ɓoye aka sa mata robar hana ɗaukar ciki a mahaifa. Da ya ji zaren robar, ya danne ta ya fizge da hannunsa. Ta zubar da jini sosai, washegari ta tafi aiki. Haka aka samu na huɗun. A ganinsa mace mai goyo ba ta zuwa ko'ina.

Ranar da ta koma asibitin mata a duba ta bayan haihuwa, ya bi ta har ciki. Duk tambayar da aka yi mata, shi ke amsawa. Nas ɗin, wata dattijuwa mai suna Odessa, ta bar shi ya zuba har ya gaji, sannan ta miƙa wa Lorna kofin gwajin fitsari.

"Maigida, wannan dai ba ka iya yi mata," in ji ta. "Zauna ka hutar da bakinka."

Ya yi dariya, ya zauna.

Odessa ta wuce da ita wani ɗaki, ta rufe ƙofa, ta tambaye ta ko tana son wani cikin. Lorna ta girgiza kai. Ta ba da labarin zaren a taƙaice, kamar labarin wata maƙwabciya.

Odessa ba ta tsaya jajantawa ba. Ta ce in gwaji ya nuna babu ciki, likita za ta sa mata wata robar yau, a datse zaren can ciki inda yatsa ba ya kaiwa. Sai dai ranar cirewa za ta ji jiki.

"Kuma 'yar'uwa, roba ba ta tare mari. Akwai gidan mafaka na mata da za ki iya zuwa da yaranki."

"Na sani," in ji Lorna. "Ɗaya bayan ɗaya. Yau dai a datse."

Aka datse.

Da ta fito, Wendell ya tambaya ko kogi ta je cikawa. A mota ya shiga lissafa sunayen da zai sa wa na biyar in namiji ne. Lorna ta dafe mararta da ke murɗawa, ta jingina kai da gilashi.

"Duk wanda ka zaɓa ya yi," ta ce. "Ka ajiye ni a bakin kamfani, na makara."