Gilashin da Na Turara wa Yaya

Ni ne da laifi. Na daɗe ina kewaye-kewaye, yau in ce ƙaddara ce, gobe in ce tsufa ne, har na taɓa cewa yawan ɗinki a hasken fitila ne ya ci mata ido. Duk ƙarya ne. Da hannuna na haɗa gilashin da yayata ta kalli rana da shi, kuma ni na tsaya a kanta ina cewa ta ƙara kallo.

Ni mai walda ne a Kazaure. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a wancan lokacin, don kawai na iya haɗa ƙofar ƙarfe kuma ina da janareta, gani nake duk wanda ke zaune bayan duwatsun garin nan bai waye ba. Yayata tana aure a wani ƙauye na Roni. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Sana'arta ɗinkin hula, kuma hularta ba ta kwana a hannun dillali. Idan ta shigo gari sayen zare takan zauna a gindin darbejiyar da ke gaban shagona tana ɗinki. Ni kuwa, in wani mai mota ya tsaya, sai in yi kamar ban san ta ba, saboda mayafinta na warin hayaƙin murhu.

Shekarar da aka yi babban husufin rana, wanda gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka nufi akurki, rediyo ya yi kwanaki yana gargaɗi. Kada a kalla da ido, kada a kalla da baƙin tabarau, kada a ruɗi kai da gilashin da aka turara da hayaƙi. Na yi tsaki. Na ce waɗannan da ke zaune a ɗaki mai sanyi, me suka sani game da haske da za su gaya wa wanda ke wuni a kan wutar walda?

Ga ilimin nawa. Duk mai walda ya san ciwon da tartsatsin aiki ke sa wa ido. Ka kwana kana hawaye kamar an watsa maka yashi, bayan kwana biyu ka warke. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa hasken da zai cuci ido sai ya fara da zafi, in babu zafi babu cuta. A kan wannan ɗan abin na ɗora girman kai kamar wanda ya sauke littafi.

Ina da gilashin walda guda ɗaya mai duhun gaske, na babban aiki, wanda ko fitilar mota da kyar kake hangowa ta cikinsa. Na yanka kwali, na dasa shi a tsakiya, na liƙe gefuna da kyau. Wannan na tanadar wa wani babban ma'aikaci da nake zawarcin aikin ƙofofin sabon gidansa. Sauran jama'a kuwa, na tattaro fasassun gilasan taga, na goge kaifinsu a kan dutse, na cire ƙwan fitila, na ɗaga lagwani har ya riƙa aman baƙin hayaƙi, na kara kowanne a kai sai da ya yi baƙi ƙirin. Na ɗaga ɗaya sama, na ɗan leƙa, ban ji zafi ba. Gwajin ke nan. Amma da na yarda duk ɗaya ne, me ya sa na ware na yallaɓai? Wannan tambayar ce na yi shekaru ina guje mata.

Ranar, Yaya tana gari. Da hasken ya fara canzawa, maza suka kama hanyar masallaci don sallar husufi. Ni na tsaya rabon gilashi. Ta naɗe ɗinkinta ta miƙe.

"Auta, bari in shiga daga ciki in ja carbi. Abin da ba a saba gani ba, ba a zura masa ido."

"Haba Yaya, wannan ƙauyanci har yaushe? Ku komai tsoro. Karɓi nan."

"Ai na ji an ce a rediyo..."

"Rediyo ne ke walda ko ni? In kin ji zafi ki sauke. In ba ki ji ba, lafiya lau."

Ta karɓa, don ba ta taɓa gwale ni ba.

Sai ga motar yallaɓai. Ko fitowa bai yi ba. Na sheƙa da gudu, na rusuna, na miƙa masa kwalin da hannu biyu ina "ranka ya daɗe". Ya zuge gilashin mota, ya leƙa kamar ƙiftawar ido, ya ce, "To, shi ke nan abin?" Ya wurga kwalin a kujerar baya, direba ya ja. Aikin ƙofofin ma wani ya bai wa.

Da na dawo, na tarar Yaya ta runtse idon hagu, ta kafa na dama. Mace ce da ta saba zuba wa abu ido ba ƙiftawa, aikinta ke nan. Sauran mutane suna leƙawa su sauke, ita ba ta sauke ba.

"Ikon Allah! Auta, an gutsure ta kamar waina."

"Akwai zafi?"

"Babu."

"To ci gaba. Ba na gaya miki ba?"

Babban yatsanta ya goge hayaƙin a gefe ɗaya, ta koma kallo ta wajen da ya yi shara-shara, don ranar ta fi fitowa sosai. Na ga baƙi a yatsanta, na ga wurin da ya goge. Dariya na yi mata, na ce ko gilashi ba ta iya riƙewa ba.

Bayan 'yan kwanaki mijinta ya zo kan babur. Ya ce duk abin da ta kalla da idon dama, tsakiyarsa sai ta ga wani tabo kamar an dangwala yatsa. Zare ya ƙi shiga allura, layin ɗinki yana karkacewa. Ko tashi daga kan aikina ban yi ba. Na ce irin na walda ne, ta ɗaure ido ta kwanta, zai wuce.

Bai wuce ba. Da muka kai ta asibitin ido a Kano, likita ya ce rana ta ƙona tsakiyar ganinta, kuma wannan wurin ba ya jin zafi, shi ya sa mutum ba ya sanin yana ƙonewa. Ya ce tabon zai iya raguwa, zai iya zama. Sannan ya tambaya wa ya ba ta gilashin.

Ta ce, "Tsinta na yi."

Ina tsaye a bayanta. Na tsaya kallon takalmina. Ƙaton banza, mai gemu, na bar mace ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri.

Ta yi ƙoƙarin ci gaba da idon hagu, amma aikin ya daina fitowa yadda aka san shi, dillalai suka fara dawo mata da huluna. Ta ajiye allura ta koma ƙuli-ƙuli. Ni kuwa na rage zuwa Roni, na ce aiki ya yi mini yawa.

Shekaru suka wuce, aka sake sanar da wani husufin, ƙarami. Na samo gilashi mai duhun gaske, na dasa shi a kwali kamar na yallaɓai, na hau babur. A wautata, na zaci kyauta za ta yi mini aikin baki.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta karkatar da kai gefe, yadda take kallon mutane yanzu, ta amsa gaisuwata. Na ajiye kwalin a gabanta.

"Mene ne wannan kuma?"

"Na kallon rana ne, Yaya. Wannan na gaske ne, ba ya cutarwa."

Ta shafa shi da yatsa, ta duba yatsan, babu baƙi.

"Na san shi. Irinsa ka kai wa mai motar nan." Ta turo mini shi da bayan hannu. "Mayar masa. Ni ranata tana nan tare da ni. Ga ta nan ma a kan fuskarka."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na sauka daga kan kujerar da aka ba ni, na durƙusa a ƙasa, na cire hula.

Na ce, "Yaya, ba tsinta kika yi ba, ni na ba ki. Na ji gargaɗin na raina shi, kin so ki shiga ɗaki na raina ki. Ina da mai kyau a hannuna na kai wa wanda ko sunana bai sani ba, ke da kika goye ni na ba ki na hayaƙi. Na ga ya goge na yi dariya. A gaban likita na yi shiru. Ni na raba ki da allurarki. Ba ni da abin da zan mayar miki. Don Allah, Yaya, ki yafe mini."