Malama Ladi da tsallen safe

Ku yi haƙuri, ni ba mai rubutu ba ce a nan, karantawa kawai nake yi in wuce. Akwai manya da suka fi ni cancantar yin magana. Amma yau na kasa yin shiru.

Da safen nan ina gugar kayan makaranta Mama ta shigo da waya a hannu, ta ce Malama Ladi ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ta koyar da ni a aji huɗu na firamare a Zuba. Bana kuma ƙanwata Ummi ce a ajinta.

Duk wanda ya zauna a ajin nan ya san ba a buɗe littafi sai an yi gumi. Tana shigowa za ta ce, "Oya, a tura benci baya!" Idan darasin ruwan sama ne, mu miƙa hannu sama, tururi ya tashi ke nan. Mu rungumi juna, hadari ya haɗu. Mu tsuguna, ruwa ya sauka. Lissafi kuwa da tafi da tsalle muke haddace shi.

Ni kunya ta hana ni tsalle. Ba ta taɓa fito da ni gaban aji ba. Can baya ta mayar da ni, ta ce, "A nan bango ne kawai yake kallonki, shi kuma ba ya dariya."

Wasu iyaye sun yi ƙorafi, wai karatu suka turo yara ba rawa ba. Amma ko a jarrabawar da muka yi kwanan nan a sakandare, sai da na ji ƙafata tana bugun ƙasa a hankali kafin amsa ta zo mini.

Ummi tana da mantuwa sosai. Ta sha kuka a kan wannan, har yara suna kiranta kwando. A hannun Malama ne ta fara ɗaga hannu a aji.

Ganina da Malama na ƙarshe a kasuwar 'ya'yan itace ne, tana zaɓen lemo. Ta rame, amma tsokana tana nan. Ta ce, "'Yar bango, an girma!" Ta miƙo mini lemo, sannan ta ce, "Idan Ummi ta manta abu, kada ki daka mata tsawa. Ki tashe ta tsaye."

Yau da muka dawo daga gaisuwa, Ummi ta cusa jakarta ƙarƙashin gado. Ta ce ta gama makaranta, tunda duk abin da ta iya ya bi Malama. Ga jarrabawarsu mako mai zuwa. Mama ta yi lallashi, Baba ya yi faɗa, ko gezau.

Bayan la'asar na ja ta tsakar gida. Gidanmu na haya ne, maƙwabta duk suna waje. Na cire takalmi na fara tafi da tsalle ni kaɗai.

Maƙwabciyarmu Maman Ebuka ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai, Safiya ne yana tsalle? Yau za a yi ruwa!"

Na ji kamar in nutse, amma ban tsaya ba. Ummi ta yi dariya da hawaye a fuska, ta shigo cikin wasan. Muka fara daga biyu sau biyu. Da muka kai gidan bakwai ni ce na kakare, ita ta ci gaba har ƙarshe.

Ta tsaya tana haki, ta ce, "Yaya, ashe yana nan."

Da kanta ta jawo jakar. Gobe za ta koma, in sha Allahu, ni zan raka ta.

Allah Ya gafarta wa Malama Ladi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana, Ya ba iyalanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.

Anti Maryam, babbar 'yar Malama, na san kina ganin wannan shafin. Idan kin ba ni izini, bayan an share makoki ina so in rubuta motsin nan ɗaya bayan ɗaya yadda ta koya mana, ko wani malami zai ɗauka ya kai ajinsa.