Agogon Hannun Yaya

Mutanen layin suna kiransa Kawu Ajiya, shi kuwa bai taɓa gane tsiya ake masa ba. Rayuwarsa ta aiki duk a sito ya yi ta, yana gadin kayan da ba nasa ba. Da ya yi ritaya sai ya buɗe nasa siton a falo: kabad ɗin gilashi cike da ƙananan wuƙaƙen aljihu masu naɗewa, wata mai ƙotar ƙaho, wata mai ta ƙashi, ga agoguna jere a ƙasansu. Kullum safiya sai ya goge su da man keken ɗinki, ya bi agogunan yana murɗawa. Matarsa kuwa da wata dakusasshiyar wuƙa take kokawa da albasa a kicin, don ko lemo ba a yarda a ɓare da na kabad ba.

Yawancinsu a gidan rasuwa ya samo su. Zai zauna ya fi kowa jimami, can sai ya matso kusa da babban ɗan mamacin. "Wuƙar nan ta marigayi, kar yara su yi wasa da ita. Kawo in ajiye maka." Har yau ba a ji wanda aka mayar wa ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, agogon mahaifinsu. Yana hannun yayansa, tsohon direban babbar mota, wanda da shi yake wanki, da shi yake cusa hannu cikin inji, gilashin duk ya goge. Kawu har gurbi ya bar masa a tsakiyar kabad, an shimfiɗa ƙyalle mai laushi.

Da Yaya ya kwanta ciwo, Kawu da a da sai a yi wata da watanni ba a ga ƙeyarsa a gidan ba, ya zama ɗan kullum. Dangi suka yi ta yabon zumunci. Zai ja kujera bakin gado, ya riƙe hannun hagun Yaya, ba ya taɓa kuskuren riƙe na dama.

"Ka rame, Yaya. Dubi yadda agogon nan yake yawo a hannunka, kar ya faɗi."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Ciwo ya cinye jikin, amma bai taɓa hankalin ba.

"Ƙanena, tun da ka fara zuwa, ka kalli fuskata kuwa?"

Kawu ya soma kame-kame. Yaya ya kwance agogon da ƙyar, ya ɗora masa a tafin hannu.

"Ungo, ka huta da jiran in mutu. Ni dai so nake in ga ko gobe za ka zo."

Kunya ta kama Kawu, kunya ta gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Ya rantse zai zo. Sai dai agogon ya riga ya shige aljihu.

Washegari da niyyar zuwa ya tashi, wannan kam ba a yi masa ƙarya ba. Amma agogon yana son guga, madaurinsa yana son canji, ga shi yana ɗan jinkiri sai an kai wa mai gyara. Aka wayi gari, aka sake wayewa, kullum da abin da ya rage.

Ranar da agogon ya zauna daidai, ya ɗaura shi ya nufi gidan don Yaya ya gani. Matar Yaya ce ta tare shi a bakin ƙofa, idonta a kumbure, bayanta ana fito da katifar da Yaya ya cika a kanta.

Ta dubi hannunsa, ba ta dubi fuskarsa ba.

"Kullum sai ya tambaye ni ƙarfe nawa," in ji ta. "Sai in ce masa ai da saura, kana hanya."