Tiren da Inna ta mayar

Ranar Ƙaramar Sallah, shekarar da aka yi canjin kuɗi, ina tsugune a tsakar gidanmu a Karaye ina wanke kwanonin tuwo, sai ga Sikira ta yi sallama da tire a ka, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ni ban yi boko ba, kada a tambaye ni lissafin shekaru, amma ranar nan ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta tiryan-tiryan. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, kaji suna tono a gindin rumbu.

Sikira Bayarabiya ce. Babanta mai awon filaye ne a sakatariya, yana cikin baƙin da suka cika bayan unguwarmu lokacin da gonakin gyaɗa suka fara komawa gidajen bulo, ga Yarabawa, ga Nufawa, ga wani Ibo mai kemis. Su rufin kwano, mu rufin azara. Ni kuwa marainiya ce a hannun kakata Inna, gidan daga ni sai ita sai akuya da 'ya'yanta. Tallan ƙuli-ƙuli ne ya kai ni ƙofar su Sikira. Hausarta a karye take, amma a 'yar carafke ba ta da na biyu, kuma duk unguwar ita kaɗai ce take jirana a bakin rijiya har in cika tuluna.

Ni na ce mu ƙulla ƙawance. A wajenmu ƙawance ba wasa ba ne, in ƙawa ta kawo miki kayan Sallah, wata Sallar ke za ki ninka mata. Na kai mata lalle da kwalli a faifai. Ban gaya mata ƙa'idar ba, don na ɗauka duk duniya haka ake yi.

Da Inna ta yaye ƙyallen sai ga atamfa sabuwa dal, da takalmi, da sabulu mai ƙamshi. Uwar Sikira alheri ta nufa, ta ga zanena ya koɗe ne. Inna ta daɗe tana kallon kayan, sannan ta dube ni. "Tabawa, wa zai ninka wannan? Ko akuyar za mu kai kasuwa?" Sikira ta ce, "Inna, kyauta ne, ba a mayarwa." Inna ta ce, "Abin da ba a mayarwa ai sadaka ne, 'yata. Gidan nan ba a kawo mana sadaka." Ta rufe tiren, ta ɗora mata a ka da hannunta.

Uwar Sikira ta ji an wulaƙanta ta, ta hana ta zuwa. Inna ma ta sauya mini hanyar talla. Daminar nan ni kaɗai na yi ta yankan ciyawa a bakin hanya, ina hango Sikira da kayan makaranta, ta ɗan ɗaga hannu ta wuce. Kafin Babbar Sallah aka mayar da babanta Rogo. Ga Rogo nan kusa, amma ban sake sa ta a ido ba.

Yanzu unguwar ta cika maƙil, katanga ta fi mutum tsawo, kowa da ƙofar ƙarfe, maƙwabcinka sai ka yi wata ba ka san yarensa ba. Na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Har gobe ba zan ce Inna ta yi kuskure ba, da ni ce ma haka zan yi. Sai dai tun daga ranar ban ƙara ce wa kowa mu ƙulla ƙawance ba.